SHARHI: Rikicin Ɗumama Gidaje A Jamus Da Makomar Cinikin Iskar Gas

A cikin shekarar 2023, wato shekarar da gwamnatin Jamus ta ɗaura ɗamarar raba gidajen jama'arta da ƙona iskar gas, masu sayar da kayan ɗumama gida a ƙasar sun yi cinikin da suka daɗe ba su ga irinsa ba. Sun sayar da na'urori kimanin miliyan 1 da dubu 300, kuma kusan 790,000 daga cikinsu masu ƙona gas ɗin nan ne da gwamnati ke so a yi ban kwana da su. Masu ƙona mai kuwa, waɗanda aka ɗauka tuni zamaninsu ya shuɗe, cinikinsu sai da ya ninka na shekarar da ta gabata.

Ke nan dokar da aka shirya domin ta rage amfani da gas, ita ce ta kora magidanta kasuwa suna rububin sayen na'urar gas tun kafin a rufe ƙofa. Wannan al'amari ya cancanci ɗan kasuwar Nijeriya ya dube shi da idon basira, domin kuwa kimanin sulusin gas ɗin da ƙasashen Tarayyar Turai ke sha yana ƙarewa ne wajen ɗumama gidaje da ofisoshi, kuma Turai na daga cikin manyan kasuwannin da Nijeriya ke kai nata gas ɗin. Shawarar da magidanci ya yanke a wani ƙauye na jihar Bavariya tana da alaƙa da jiragen ruwan da ke tashi daga tsibirin Bonny, ko da kuwa shi kansa bai taɓa jin sunan wurin ba.

Sanyin arewacin Turai ba irin wanda ake kora da kaskon wuta da bargo ba ne. Tun daga watan Oktoba har zuwa Afrilu, gidan da babu ɗumi a cikinsa ba ya zaunuwa. Saboda haka akasarin gidaje suna da wata babbar tukunya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wadda ke ƙona gas ko mai ta dafa ruwa, bututu kuma ya zagaya da ruwan zafin ɗaki-ɗaki. A Jamus kimanin rabin gidaje da gas suke hura wannan tukunyar ɗumi, kashi ɗaya cikin huɗu kuma da mai. Tukunya ɗaya takan yi shekara 20 zuwa 30 tana aiki, wanda ke nufin duk wadda aka kafa a 2023 tana iya riskar shekarar 2045, lokacin da dokar ƙasar ta ce Jamus za ta daina ƙara wa sararin sama hayaƙin da ke sauya yanayi.

Abin da gwamnati ke so ya maye gurbin tukunyar shi ne na'urar janyo ɗumi, wadda ke aiki da lantarki. Duk wanda ya taɓa sa hannu a bayan firji ya ji zafi, ko ya tsaya kusa da akwatin waje na na'urar sanyaya ɗaki, ya riga ya ga yadda take aiki. Firji yana kwashe zafi daga cikinsa ya zubar waje. Ita kuma wannan na'ura tana tattaro ɗan zafin da ke cikin iskar waje, ko cikin ƙasa, ko cikin ruwa, ta matse shi ta turo cikin gida. Da yake ba ƙirƙirar zafin take yi ba, ɗauko shi take yi daga wani wuri, ma'aunin lantarki ɗaya yakan samar da ma'auni uku zuwa huɗu na ɗumi. Fasahar ma tsohuwa ce, domin tun a 1938 aka kafa irinta a zauren majalisar birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, tana janyo ɗumi daga kogin Limmat.

Yaƙin da Rasha ta ƙaddamar kan Yukren a watan Fabrairu na 2022 shi ne ya fito da na'urar fili. A 2021 fiye da rabin gas ɗin da Jamus ta shigo da shi daga Rasha ya fito. Da aka tsuke bututun Nord Stream, sannan aka rufe shi a ƙarshen watan Agusta na 2022, farashin gas ya yi tashin gwauron zabi, jama'a kuma suka shiga neman mafita da kansu, ba tare da wani ya tilasta musu ba. A shekarar aka sayar da na'urorin janyo ɗumi 236,000, masu kafa su suka cika da aiki har mutum ya yi watanni yana jiran layi. Abin lura a nan shi ne, Jamusawa ba su da wata ƙiyayya ta asali ga na'urar. Da suka ga lissafi ya karkata gare ta, da ƙafarsu suka je.

A cikin wannan hali ne daftarin dokar Ministan Tattalin Arziki, Robert Habeck, na jam'iyyar masu rajin kare muhalli, ya ɓulla a jaridar Bild a ƙarshen watan Fabrairu na 2023, tun kafin a kammala shi. Daftarin ya ce daga ranar 1 ga Janairu na 2024, duk sabuwar na'urar ɗumama gida da za a kafa wajibi ne kashi 65 cikin 100 na makamashinta ya fito daga hanyoyin da ake sabuntawa. Bai ce a tumɓuke tukunyar da ke aiki nan take ba, bai kuma hana gyaranta ba idan ta sami matsala. Amma a lokacin babu cikakken bayani kan tallafin da za a ba masu gidaje, babu kuma amsa ga wanda ya tambaya ko unguwarsu za ta sami bututun ɗumi na gari nan gaba. An sanar da mutane ranar da za a fara, ba a sanar da su wanda zai biya ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Bild ta yi watanni tana caccakar shirin, jam'iyyar FDP da ke cikin gwamnatin gamin gambiza ta Olaf Scholz ta juya wa daftarin da ministocinta suka bari ya wuce baya, a watan Yuni kuma mutane kimanin 13,000 suka yi gangami a garin Erding da ke kusa da Munik. A farkon watan Yuli Kotun Tsarin Mulki ta dakatar da ƙuri'ar da aka shirya yi a majalisa, bisa ƙarar wani ɗan majalisa na jam'iyyar CDU, Thomas Heilmann, wanda ya ce ba a ba wakilai isasshen lokacin nazari ba. Sai ranar 8 ga Satumba aka zartar da dokar, bayan an sassauta ta ainun: an ɗaure batun tsofaffin gidaje da taswirar ɗumi da kowace hukumar gari za ta fitar, manyan birane zuwa tsakiyar 2026, ƙanana zuwa tsakiyar 2028. Da tun farko da wannan taswira aka fara, da an kauce wa rabin rigimar. An yi riga malam masallaci.

Magoya bayan dokar sun fi ɗora laifin a kan jaridu da 'yan adawa, kuma haƙiƙa an yi ƙarin gishiri, an tsorata tsofaffi da cewa za a raba su da gidajensu. Sai dai farfaganda ba ta kama mutum sai ta tarar da wata damuwa ta gaskiya a zuciyarsa, kuma damuwar Bajamushe mai gida tana da tushe.

Ta farko ita ce kuɗin hannu. Kafa na'urar janyo ɗumi a gidan iyali ɗaya a Jamus sau da yawa yakan kai Yuro 30,000 ko fiye, alhali sabuwar tukunyar gas ba ta wuce kimanin sulusin haka. Idan gidan tsoho ne, mai tagogi da bangaye da ɗumi ke sulalewa ta cikinsu, wataƙila a buƙaci ƙarin gyara. Ɗan fansho mai shekara 72, wanda gidan nan shi ne duk abin da ya tara a rayuwarsa, idan aka ce masa jarin zai dawo cikin shekara 15, ba wauta ya yi ba da ya tsaya yana lissafin nasa shekarun. Gwamnati ma ta gane haka, har ta sa a wani daftari cewa za a ɗauke wa waɗanda suka haura shekara 80, sannan daga baya ta janye, domin babu mai iya bayyana dalilin da zai sa mai shekara 79 ya fita daga rahama.

Damuwa ta biyu ita ce ta fi nauyi, ita ce kuma aka fi ƙyalewa a cikin hayaniyar. Na'urar da ke ba da ɗumi ninki uku na lantarkin da ta sha ba za ta rage wa mai ita kashe kuɗi ba idan farashin lantarki ya ninka na gas sau uku. A 2024 haka lamarin yake a Jamus, ma'aunin lantarki na gida ya haura ninki uku na ma'aunin gas. A Birtaniya kusan ninki huɗu ne. Wannan tazara kuwa ba daga Allah ta faɗo ba, wani ɓangare nata aikin gwamnatoci ne, waɗanda suka shekara da shekaru suna jibga haraji da kuɗaɗen tallafa wa sababbin tashoshi a kan takardar lantarki, suka bar gas sakayau. Jamus ta soke ɗaya daga cikin manyan kuɗaɗen nan a watan Yuli na 2022, ta kuma fara ɗora wa gas da mai kuɗin hayaƙi tun 2021, daga Yuro 25 kan kowane tan har ya kai 55 a 2025, amma tazarar ba ta rufe ba. Gwamnatin da ke wa'azin a koma lantarki da baki, tana tsauwala farashinsa da hannu, ba ta da hujjar mamaki idan jama'a suka bi hannun suka bar bakin. Daɗin daɗawa, alkawarin da gwamnatin Scholz ta ɗauka a 2021 na mayar wa jama'a wani abu daga kuɗin hayaƙin kai tsaye bai cika ba har ta rushe a watan Nuwamba na 2024.

Ƙasashen da ke arewa da Jamus sun isa shaida a kan wannan batu. Bisa ƙididdigar Hukumar Makamashi ta Duniya ta 2022, kimanin kashi 60 cikin 100 na gidajen Norwe suna da na'urar janyo ɗumi, a Suwidin da Finlan kuma fiye da kashi 40, ga shi kuwa sanyinsu ya fi na Jamus nesa ba kusa ba, abin da ya rushe raɗe-raɗin cewa na'urar ba ta aiki a ƙanƙara. Ba a ji an yi gangami a can ba. Finlan ta sa harajin hayaƙi tun 1990, Suwidin ta bi sahu a 1991, ta riƙa ɗaga shi sannu a hankali har ɗumama gida da mai ya zama asara, mutane suka bar shi ɗaya bayan ɗaya. Norwe, wadda ke da lantarkin madatsun ruwa mai araha, ba ta haramta tukunyar mai ba sai a 2020, lokacin da masu amfani da ita suka riga suka zama 'yan ƙalilan. Can doka ta zo ne ta share ragowar abin da farashi ya riga ya kawar. Wani abin ban sha'awa, Norwe ɗin nan ita ce ta zama babbar mai sayar wa Jamus gas tun daga 2022. Tana sayar wa maƙwabta abin da ita ba ta ɗumama nata gidajen da shi.

Dole a yi wa Jamus adalci a nan: ƙasashen arewa ba su taɓa shimfiɗa bututun gas gida-gida kamar ita ba, don haka ba su da wata tsohuwar al'ada mai araha da za su yaƙa. Amma wannan ma ƙara tabbatar da batun yake yi, cewa abin da ke gaban mai gida shi ne wanne ya fi sauƙi a aljihu.

Sai kuma yadda ake yanke shawarar kanta. Masu tsara manufofi sukan ɗauka cewa magidanci zai zauna da takarda da alƙalami ya auna ribar shekara ashirin. A zahiri mutane da yawa ba sa tuna tukunyar ɗumi sai ranar da ta mutu, kuma takan mutu ne a tsakiyar hunturu, da yara a gida. A irin wannan rana babu wanda ake saurara sai mai gyaran bututun unguwa, wanda ya shekara 25 yana kafa tukunyar gas, ya san ta ciki da waje, yana kuma iya musanya ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Na'urar janyo ɗumi tana buƙatar a auna gida, a duba ƙarfin wayoyin lantarki, a cika takardun tallafi. Idan mai gyaran bai sami horo a kanta ba, zai ce wa mai gida ba ta dace da gidansa ba, kuma maganarsa ta fi ta minista tasiri. Gwamnatin Jamus ta sa wa kanta burin kafa na'urori 500,000 a kowace shekara daga 2024 alhali ma'aikatan da za su yi aikin ba su wadata ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma 'yan haya, waɗanda suka haura rabin magidantan Jamus. Mai gida ne ke sayen na'ura, ɗan haya ne ke biyan kuɗin ɗumi, saboda haka wanda zai kashe jarin ba shi ne zai ci ribarsa ba. Dokar da ta fara aiki a watan Janairu na 2023, wadda ta raba kuɗin hayaƙi tsakanin su biyun gwargwadon lalacewar ginin, ta ɗan taɓa matsalar, kuma tana daga cikin matakan da aka ɗauka da hankali ba tare da wata hayaniya ba.

Sakamakon ruɗanin ya bayyana a littattafan kamfanoni. Na'urori 356,000 da aka sayar a 2023 yawancinsu cikon odar da aka bayar ne tun lokacin tsoron yaƙi. A 2024 cinikin ya faɗi zuwa 193,000, wato ragin kashi 46 cikin 100, masana'antun da suka faɗaɗa bisa alkawarin gwamnati suka koma rage wa ma'aikata sa'o'in aiki. Wannan kuwa ya faru ne duk da tallafin da ya kai har kashi 70 cikin 100 na kuɗin kafawa ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda ba a buɗe karɓar takardunsa ba sai ƙarshen watan Fabrairu na 2024, shekara guda cur bayan ɓullar daftarin. Mutane da yawa sun zaɓi su jira su ga inda iska za ta kaɗa. Habeck da kansa ya amsa a 2024 cewa ya wuce gona da iri.

Tallafi ma idan ba shi da tabbas, illarsa ba ta gaza ta doka ba. Birtaniya ta buɗe wani shirin tallafin gyaran gidaje a watan Satumba na 2020, ta rufe shi a watan Maris na 2021, ta bar 'yan kwangilar da suka ɗauki ma'aikata da hannu biyu. Italiya ta yi akasin haka, ta ce a 2020 za ta biya kashi 110 cikin 100 na kuɗin gyara; kasuwa ta cika ta batse, farashi ya hau, baitulmali ya ɗauki nauyin da ya haura Yuro miliyan dubu 100, da aka datse shirin kuma ciniki ya rufta.

To, wanda ya tsaya a nan zai iya cewa Turawa sun gwada sun ƙi, gas kuma ya sami tabbacin kasuwa. Wannan karatu yana da haɗari ga mai niyyar zuba jari. Gwamnatin Friedrich Merz da ta hau a watan Mayu na 2025 ta rubuta a yarjejeniyar ƙawancenta cewa za ta soke dokar ɗumama gidaje, amma a cikin takardar nan ɗaya ta ce za ta ci gaba da ba da tallafin. A rabin farko na shekarar kuma, a karon farko a tarihin ƙasar, na'urorin janyo ɗumi da aka sayar sun fi tukwanen gas yawa. Gaskiya ne kasuwar gaba ɗaya ta tsuke, kuma wani ɓangare na faɗuwar cinikin gas ya samo asali ne daga waɗanda suka riga suka yi rububin saye a 2023. Duk da haka alƙiblar a fili take. Da hayaniyar siyasa ta lafa, tallafi ya zauna, maƙwabci ya shiga gidan maƙwabcinsa a watan Janairu ya tarar da ɗumi, ya kuma ga takardar kuɗin wata, sai jama'a suka fara komawa kan na'urar da aka ce sun tsana. Manyan masu kuɗi ma tun da wuri suka nuna inda suka sa ransu: a watan Afrilu na 2023, ana tsakiyar rigimar, kamfanin Carrier na Amurka ya amince ya sayi sashen na'urorin ɗumama gida na kamfanin Viessmann kan Yuro miliyan dubu 12.

A nan ne batun ya iso Nijeriya. Tun daga 1999 kamfanin NLNG ke fitar da gas daga Bonny, kuma ƙasashen Sifen da Fotugal da Faransa na cikin tsofaffin abokan cinikinsa. A watan Disamba na 2019 aka yanke shawarar gina sashe na bakwai na masana'antar, domin ɗaga abin da take samarwa daga tan miliyan 22 zuwa 30 a shekara. A watan Yuli na 2022 Nijeriya da Nijar da Aljeriya suka rattaba hannu kan takardar farfaɗo da shirin bututun da zai ratsa Sahara, mai tsawon fiye da kilomita 4,000, ga kuma ɗaya shirin na bin gaɓar teku zuwa Maroko. Scholz da kansa ya zo Abuja a watan Oktoba na 2023, batun gas na cikin abin da ya tattauna da Shugaba Bola Tinubu.

Duk waɗannan shirye-shirye sun ginu ne a kan zaton cewa Turai za ta daɗe tana ƙishirwar gas. Amma tsakanin 2021 da 2023 abin da Tarayyar Turai ke sha ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Tsadar farashi da sauƙin hunturu da raguwar aikin masana'antu su ne suka jawo mafi yawan ragin, kuma wasu daga cikinsu na iya juyawa. Gidan da ya cire tukunyar gas ya kafa na'urar janyo ɗumi kuwa ya fita daga jerin masu saye na shekara 20 ko fiye. Bututun da zai ratsa Sahara, ko da yau aka fara haƙa, zai ɗauki shekaru kafin ya kammalu, sannan wasu shekaru masu yawa kafin ya mayar da jarinsa, wato zai fara neman riba ne daidai lokacin da tukwanen rububin 2023 ke tsufa, masu su kuma ke tsaye a gaban zaɓi na biyu.

Bankunan da za a nema su ba da rancen irin wannan aiki ba za su tsaya kan jawaban ministoci ba. Za su nemi kwangilar saye ta dogon lokaci, masu sayen kuma za su duba tazarar farashin lantarki da na gas a ƙasashensu kafin su sa hannu. Ɗan kasuwar da ke da hannu a harkar gas, ko a kwangilolin da ke rataye da bututun Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, zai fi amfana da bibiyar wannan tazara da alƙaluman cinikin na'urori da ƙungiyoyin masana'antun Jamus ke fitarwa a farkon kowace shekara, fiye da bibiyar abin da ake faɗa a majalisar Berlin.